Ba Kowane Fitsarin Tsoho Ba Ne Tsufa

Jama'a, akwai maganar da muke jin kunyar yi, kuma kunyar nan tana cutar da iyayenmu. Baffana, mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba, sai ga shi ya daina zuwa masallaci. Ya ce ƙafa ce. Gaskiya ne, ƙafar ta canza: yana tafiya kamar an liƙa tafinsa a ƙasa, taku ƙanana, juyawa sai ya dafa bango. Amma abin da ya ɓoye shi ne fitsari na matsa masa, kafin ya kai banɗaki ya kuɓuce. Sai kuma mantuwa ta biyo baya.

Mu kuwa me muka ce? "Gigin tsufa ne." Wani ya ce firostet ne, aka yi ta sayen magani a kemis. Shi kuma a ɓoye ya rage shan ruwa, a zafin nan namu. Wallahi wannan ya fi komai tsaya min a rai.

Sai da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa aka gane NPH ce. Ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa da laka ne yake taruwa a ramukan cikinta, su faɗaɗa, su takura jijiyoyin da ke kula da ƙafa da mafitsara. Wani likita ɗan Kolombiya, Salomón Hakim, ya bayyana ta tun 1965, kuma ta fi kama waɗanda suka haura 60. Alamunta uku ne, waɗannan dai da muka gani muka raina. Likitoci kan zuƙe ruwa kamar mililita 30 zuwa 50 ta gadon baya su ga ko tafiya za ta gyaru. Idan ta gyaru, sai a yi tiyata a sa siririn bututu da zai riƙa kai ruwan daga kai zuwa ciki. Ana irin wannan aiki a asibitocin koyarwa, kamar na Kano da Sakkwato.

Ban ce duk tsohon da fitsari ya kuɓuce wa yana da ita ba. Ciwon suga, firostet, ciwon sanyi, duk suna kawo hakan. Amma a ganina laifinmu ne, mu 'ya'ya, mu sayo famfas mu yi shiru, ba mu tambayi dalili ba. Idan za ku ga likita, ku faɗi tafiyar, fitsarin da mantuwar tare. Kuma a bar sayen maganin riƙe fitsari kai tsaye, wasunsu irin su oxybutynin na iya ƙara wa tsoho ruɗewa.

Baffa an yi masa aikin. Tafiya ta gyaru sosai, fitsari ya yi sauƙi, mantuwar dai tana nan kaɗan-kaɗan, likita ya ce mun makara. Juma'ar da ta wuce da ƙafarsa ya je masallaci, jikansa na riƙe da dardumarsa.