Tokar Kwal: Gwaji Ɗaya Ba Ya Wanke Ta

Duk wanda ya ga ana tace ruwan toka a gida ya san cewa ruwa yana tsotse abin da ke cikin toka ya tafi da shi. A kan wannan ne ake gwada tokar da tashoshin lantarki masu ƙona kwal ke tarawa, wadda ke ɗauke da arsenik da dalma da seleniyom.

A Amurka, gwajin da aka fi dogara da shi wajen tantance shara mai guba shi ne TCLP. Ana jiƙa sharar a ruwa mai ɗan tsami, a juya ta awa 18, a tace, a auna. Idan arsenik ko dalma ya kai miligiram 5 a lita ɗaya, shara ce mai haɗari. Yawancin tokar kwal tana tsallake wannan gwaji.

Mu dai a ganinmu, tsallakewar ba ta wanke ta ba. An tsara gwajin ne don kwaikwayon juji na gari, inda ruɓaɓɓen abinci ke tsamama ruwa. Ita kuwa tokar kwal a tafki ake jibge ta shekara da shekaru, kuma wata tana da kaifi irin na kanwa, yanayin da arsenik da seleniyom ke iya narkewa sosai. Da hukumar kare muhalli ta EPA ta gwada ta a matakan tsami daban-daban, wasu samfura sun zarce iyakar.

A ranar 22 ga Disamba 2008, bangon tafkin toka ya fashe a Kingston ta jihar Tenesi, toka fiye da kubik mita miliyan 4 ta malale kan gidaje da kogin Emory. Aka kwashe mai yawa daga ciki zuwa juji kusa da Uniontown a Alabama, garin da yawancin mazaunansa baƙaƙen fata ne talakawa. Duk da haka, dokar EPA ta 2015 ta bar tokar a rukunin sharar da ba mai haɗari ba.

Masu kamfanoni suna da hujja: ana zuba tokar a siminti, kuma lakabin guba zai kori masu saye, ta ƙara taruwa. Mun yarda da amfanin. Amma tokar da ta daskare cikin kankare daban, wadda ke jiƙe a saman ruwan rijiya daban.

Maganar ta shafe mu, domin tun farkon shekarun 1980 tashar SONICHAR ke ƙona kwal a Anu Araren ta jihar Agadas. Ko'ina aka ce mana toka ta ci gwaji, mu tambaya: wane gwaji, da wane irin ruwa, kuma an auna rijiyoyin maƙwabta? Sai mun ji ra'ayoyinku.