A auna abin da mai tafiya a ƙasa yake gani a bakin Odaw

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san babbar gota. Ruwanta yana gangarawa ta wajen Paloma ya faɗa cikin Odaw, Odaw ya kai shi tafkin Korle, daga nan sai teku. A taswira duk wannan bakin ruwa ne, irin wanda a wasu birane ake biyan kuɗi mai yawa don a zauna kusa da shi. Mu kuwa toshe hanci muke yi mu wuce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ɗan aiki ne da na ba 'yan ajina kwanakin baya. Na ce kowa a hanyarsa ta zuwa makaranta, duk taku hamsin ya tsaya ya rubuta abin da idonsa ya fi sauka a kai. Na zaci zan ga ruwa, gada, hasumiyar masallaci. Abin da ya dawo mini shi ne leda, rami, babur, dugadugan wanda ke gaba. Wata yarinya "ƙasa" kawai ta yi ta rubutawa tun daga farkon shafi har ƙarshe. Da na tambaye ta sai ta ce, "Malam, in na ɗaga kai ai faɗawa zan yi."

Ashe abin da muka yi da biro da takarda ilimi ne mai zaman kansa. Tun a 1964 wasu masana tsara birane a Amurka, Donald Appleyard da Kevin Lynch da John Myer, suka fitar da littafi a kan abin da mutum yake gani daga cikin mota a kan babbar hanya. Hujjarsu ita ce ba a tsaye ake kallon gari ba, ana tafiya ake kallonsa, abu na ɓullowa wani na ɓacewa. Yau an sami kayan aiki. Akwai tabarau mai ƙananan kyamarori, ɗaya tana ɗaukar abin da ke gaba, sauran suna bin ƙwayar ido, sai a san inda ido ya tsaya da daɗewar da ya yi a wurin. Akwai kuma hanyar ɗaukar hoto duk bayan 'yan mitoci, kwamfuta ta ƙirga kashi nawa na hoton sama ce, nawa itace ne, nawa ruwa, nawa bango. Daga nan a tambayi mutanen da suka bi hanyar inda hankalinsu ya kwanta da inda suka ƙara sauri.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ana maganar ambaliya kai kana maganar kallo? Ban manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Amma ku duba da kyau, ina ake zubar da bola? Inda ido ba ya zuwa. Gidajenmu sun juya wa gotar baya, bango ya rufe ta, babu fitila, babu wurin da dattijo zai zauna. Wurin da ba mai kallo, da dare kowa ya kawo buhunsa. Bolar nan ce take toshe ruwan, ruwan kuma ya shigo ɗakunanmu.

Sai dai ina da tsoro, kuma zan faɗa. Hotunan da ake nuna mana na yadda bakin ruwa zai zama, kusan kullum daga sama aka zana su, ko daga tagar mota. Ciyawa kore shar, ruwa shuɗi, mutum biyu uku suna yawo da kayan motsa jiki. Ba kayayo da kwanonta, ba mai waake, ba ɗan makaranta. In aka ba kwamfuta irin wannan ido aka ce ta auna kyau, to mu ne za mu fito a matsayin dattin da za a share. Mun ga rusau a Old Fadama makonni kaɗan bayan ambaliyar 2015. Mun ga yadda aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021 aka kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. Kyamara kuma ba ta jin wari, ba ta san cewa inuwar da ta ƙirga a matsayin cunkoso ita ce shagon da ke ciyar da gida guda ba.

Don haka a auna, amma a ba mu tabarau ɗin mu sa. Shirin GARID, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 200 a 2019, yankin Odaw ya shafa, Nima ma tana ciki. Kafin a zuba siminti a wani sabon wuri, injiniya ya ajiye motarsa ya bi yaro mai shekara tara zuwa makaranta da safe, don tsawon yaro da na babba ba ɗaya ba ne, katangar da kai kake leƙawa shi duhu ce a gare shi. Ya bi mace mai kaya a ka, wadda ba ta iya waiwaye. Ya bi tsoho zuwa sallar Asuba. A rubuta inda kowannensu ya sunkuyar da kai, a fara gyara daga nan: murfin rami, dakali, fitila, ɗan gibi a bango da za a hango ruwan.

Takardun yarana suna nan na adana. Zan kai kwafinsu ga ɗan majalisar unguwarmu da masu unguwa, in Allah ya kai mu bayan damina kuma mu sake bin hanyar, taku hamsin hamsin.