Mu tsabtace tsohon moto kafin ya bar mu a daji

Ƴan'uwa manoma, a ƙauye moto ne ke kai albasa kasuwa, shi ne kuma ke kai mace mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. In ya mutu a hanya, rai na cikin haɗari.

A ganinmu, yawancin mutuwar tsohon moto daga datti take fitowa. Ƙurar hunturu da laimar damana suna shiga mahaɗin wayoyi, tsatsa ta hana wuta wucewa. Mai moto sai ya yi gaggawar sayen sabon kaya, ya ɓarnatar da kuɗin taki, alhali tsabta kaɗai ake bukata.

A lura da lokacin da yake mutuwa. In a rami ne, ko sa'ad da aka juya kai, wata waya ce ta kwance. In sai ya yi zafi ya mutu, ya huce ya tashi, a sa makanike ya gwada bobin. In yana sarƙewa kafin ya tsaya, a duba mai, domin man kwalba yakan zo da ruwa ko yashi. A riƙa tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

Ga yadda ake tsabtar. A kashe moto, a cire makulli. A fara kwance wayar batir mai alamar ragi (-), ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Farin garin da ke kan batir a goge shi da tsohon buroshi da ɗan ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe kaifinsa. Kada ruwan ya shiga cikin batir. In ya bushe, a ɗaura sosai, a shafa basilin. Mahaɗin wayoyi kuwa busasshen buroshi ya ishe su.

A kwance buji a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi wuluk yana nuna mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura. A mafi yawan ƙananan moto, tazarar bakin buji milimita 0,6 zuwa 0,7 ce.

A kiyaye lafiyar jiki. Kada a zuƙi mai da baki, kada a kusanto da taba. In ruwan batir ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta minti 15, a tafi likita. In fis ya ƙone, a sa wani irinsa. Ɗaura masa waya yana iya ƙone wayoyin moto duka.

Wasu za su ce wannan aikin makanike ne. Gaskiya ne, babban gyara nasa ne, amma makanike yana birni, naƙuda kuwa ba ta jira. Mu ba moto rabin awa kowane wata, musamman kafin ruwan farko.