Tukunyar Gas Ba Tulun Ruwa Ba Ce

Jama'a, a wannan mako muna so mu yi magana a kan wata baƙuwa wadda ta shigo gidajenmu da rumfunanmu ba tare da wani ya zaunar da mu ya gaya mana halinta ba, watau tukunyar gas. Dā sai a gidan babban ma'aikaci ake ganinta. Yanzu kuwa da kananzir ya gagari talaka, gawayi da itace suka bi sahu, ga ta a ɗakin ɗan haya, ga ta a teburin mai shayi, ga ta gaban mai tuya. Ba mu ce a bar ta ba, gama ta hutar da matanmu daga hayaƙi. Abin da muke cewa shi ne a san inda za a ajiye ta.

Ku tuna da abin da ya faru a Sabon Tasha, Kaduna, ran 4 ga Janairu, shekarar 2020 ba ta ko yi mako ba. Gas ya tashi a wani shagon da ake ɗura wa mutane, wuta ta cinye shagunan da ke kusa, aka yi hasarar rayuka. Cikin mamatan har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba shi ne mai shagon ba, ajali ne ya same shi a maƙwabta. To, kun gani. Tukunya ta mutum guda ce, amma in ta tashi layin duka take ɗauka.

Halin gas na farko shi ne ya fi iska nauyi. Hayaƙi sama yake yi, gas kuwa in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya bi kwata, ya shiga rami, ya taru a ƙarƙashin gado ko tebur. Saboda haka 'yar tagar da ke kusa da rufi ba ta fitar da shi. Mai rumfa ya kulle shagonsa da magariba, tukunya tana yoyo, gas ya kwana yana taruwa. Tsakar dare wutar lantarki ta dawo, waya ta yi tartsatsi, shi ke nan, dukiyar mutum ɗari ta zama toka.

Na biyu, abin da ke cikin tukunyar ruwa ne a matse, in ya fito sai ya buɗe ya ninka girmansa kamar sau 250. Zafi kuma kumbura shi yake yi, don haka ne ba a cika tukunya fal, akan bar kimanin kashi ɗaya cikin biyar don ya sami wurin motsi. Mu 'yan kasuwa mun saba neman gyara in mun auni hatsi, amma ban da gas. Tukunyar kilo 12.5 kada ta ɗauki fiye da haka, ta kilo 6 ma haka nan. A ɗora a sikeli a gabanka. Wanda ya danna maka fiye da ƙima ba alheri ya yi maka ba.

Na uku, gas ba shi da wari na kansa, da gangan ake sa masa wannan ɗoyi don ya zama mai shela. Kadan ka ji shi, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Rufe kan tukunya, buɗe ƙofofi, fitar da yara. Mai son ya gane inda take yoyo ya shafa ruwan sabulu a bakinta da jikin tiyo, inda ya ga kumfa yana tashi nan ne.

To, ina za a ajiye ta? A tsaye, bisa ƙasa mai daidai, a inuwa, inda iska ke ratsawa ta ƙasa. Kada a kwantar da ita, kada a bar ta cikin rana, kada ta kwana a ɗakin da mutane ke barci. A nisanta ta da murhu, da janareta, da galan ɗin fetur. In an gama girki a rufe ta daga kanta, ba daga risho kaɗai ba. Wadda ake cewa ta ƙare ma ba ta ƙare ba, akwai saura a ciki, a rufe ta kamar cikakka. Tiyon da ya tsattsage ko ɓera ya ci, a sake shi, ba a ɗaure shi da leda.

'Yan'uwanmu masu walda, naku ya fi nauyi, domin tukwanenku dogaye ne, matsin cikinsu kuma ya fi na girki nesa ba kusa ba. Ku ɗaure su da sarƙa a jikin bango, ku sa musu hularsu in ba a aiki, gama in doguwar tukunya ta faɗi kanta ya karye, tashi take yi kamar harsashi. Kada yara su riƙa gangara su a ƙasa. Ta oksijin kuwa ba ta shiri da mai ko giris, hannu mai maiƙo kada ya taɓa bakinta, kuma wurin ajiya a raba ta da tukwanen da ke cin wuta.

Sa'an nan mu juya ga hukuma. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ce shekara 15 ne iyakar ran tukunya, shekarar ƙira kuwa tana buge a jikin ƙarfen. Amma wa bai ga tsofaffin tukwane masu tsatsa, waɗanda aka shafe da sabon fenti, suna yawo a kasuwa ba? Talaka yana saye don araha, bai san me ya kai gida ba. Har wa yau ana juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar rumfuna, ga mai tsire a gefe. Kowace safiya mai karɓar kuɗin rumfa ba ya makara. To, muna roƙon ƙananan hukumomi su ware wa masu sayar da gas fili mai iska a gefen kasuwa, a kuma riƙa duba tukwane tsakani da Allah, ba a mai da dubawar hanyar tatsar ɗan kasuwa ba.

Kafin hukuma ta motsa, mu fara da kanmu. Shugabannin layi su zaga kafin a kulle kasuwa, su tabbata kowace tukunya a rufe take. In ka ga maƙwabcinka ya jingina tasa kusa da wuta, gaya masa cikin ladabi, ba shisshigi ba ne, rumfarka tana manne da tasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.