Matakalar Majami'a da Haƙƙin Wanda Ba Ya Iya Hawa

Duk wanda ya lura da irin majami'un da ake ginawa a garuruwanmu cikin shekarun nan, tun daga Jos da Kaduna har zuwa Gombe, Yola da Sabon Garin Kano, zai ga kamar magina da masu ba su kuɗi sun yi ittifaƙi a kan abu guda, wato ɗaga daɓe sama ƙwarai da jera matakala a bakin ƙofa, domin a ganinsu yawan matakala yana ƙara wa ɗakin Allah kwarjini. Ba na musun cewa akwai hujjar ɗaga daɓe inda ruwan damina yake kwanciya. Abin da nake musu shi ne a kashe miliyoyin naira, a yi rufi, a sa gilasai da lasifika, alhali ba a bar ko kafa guda ba wadda mai keken guragu, ko tsohuwa mai dogara sanda, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kayar, zai bi ya shiga da kansa.

Ba kuwa mutane kaɗan ake magana a kansu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya suna fama da wata naƙasa mai tsanani, mu kuma a Arewa muna da namu sababin na daban, wato shan inna, wadda ba a daina ganin ainihin ƙwayarta a Najeriya ba sai bayan 2016, aka kuma yi shelar kuɓutar Afirka daga gare ta a 2020. Ainihin ƙwayar ta kau, amma yaran da cutar ta shanye wa ƙafafu suna nan, sun zama magidanta da matan aure, kuma a kansu an ƙara waɗanda haɗarin babur da tashe-tashen hankula suka naƙasa, da iyayenmu da ciwon gwiwa ya zaunar. Da yawa daga cikin waɗannan an yi musu baftisma a ikilisiya, sunayensu suna cikin littafinta, amma ran Lahadi suna gida, ana cewa sun yi sanyi da ibada, ba a tambayi abin da ya hana su zuwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ikilisiyar Arewa ta fi kowa cancantar sanin wannan al'amari, saboda asalinta. A zamanin Turawa, lokacin da ba a yarda 'yan mishan su yi aiki yadda suke so a ƙasashen sarakuna ba, ƙofar da ta buɗe musu ita ce jinyar kutare. Mishan ɗin 'Yan'uwa, wanda ya haifi ikilisiyar EYN, ya sauka Garkida a 1923, ya buɗe wurin jinyar kuturta a 1929. A shekarun 1930 kuma mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA, ya karɓi aikin a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A irin waɗannan wurare mutanen da cuta ta cinye wa yatsu da ƙafafu suka koyi karatu, suka yi waƙa, har wasunsu suka zama masu wa'azi, a ɗakunan laka waɗanda daɓensu bai fi ƙasa da taƙi guda ba. To, yaya za a ce jikokin waɗannan mutane, da Allah ya buɗa musu, su ne za su yi ginin da kakanninsu ba za su iya shiga ba?

Na san amsar da ake bayarwa, domin ita ce a bakin dattawan ikilisiya da yawa: ai akwai samari, in ya zo za su ɗauke shi. Wasu ma sukan kafa hujja da labarin shanyayyen Kafarnahum da ke cikin Linjilar Markus, wanda mutum huɗu suka ɗauko suka zuraro shi ta rufi. Amma wanda ya karanta labarin da natsuwa zai ga sun fasa rufin ne domin ƙofa ta toshe, wato sun taɓa ginin saboda mutumin, ba su ce ya haƙura ya koma gida ba. Sa'an nan a duba abin da ɗaukar take nufi ga wanda ake ɗauka. Magidanci mai iyali, ya yi wanka ya sa babbar rigarsa, ya zo gaban 'ya'yansa da surukansa, sai a kama shi hannu da ƙafa a tsallakar da shi kamar buhun masara, jama'a na kallo. Idan mace ce abin ya fi muni, domin hannun samari ne zai taɓa jikinta, zanenta ma ba lalle ya zauna daidai ba, ga fargabar a kuɓuce ta faɗi. Wanda aka yi wa haka sau biyu ko uku, in ya zaɓi zama a gida, mutuncinsa yake karewa, kuma alhakin rashin zuwansa yana wuyan waɗanda suka yi ginin.

Maƙwabtanmu malaman usulul fiƙhi suna da wata ƙa'ida mai kyau, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Idan har muna koyarwa cewa taruwa domin sujada wajibi ne a kan kowane mai bi, to hanyar shiga wurin taruwar ba ta cikin mustahabbai da za a jinkirta har sai an sami rarar kuɗi. Dokar ƙasa ma ta faɗi haka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Amma abin kunya ne a ce sai hukuma ta zo da takarda kafin ɗakin ibada ya tuna da naƙasasshe. Wannan magana ta shafi masallatai kamar yadda ta shafi majami'u, kuma Musulmi suna da misalin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho wanda ya yi ladanci har aka riƙa bar masa riƙon Madina. Sai dai kowa ya fi sanin inda ɗakinsa ke yoyo.

Gyaran ba shi da wuya, illa dai yana son a yi shi bisa ƙa'ida. Ma'aunin da masana gini suka yarda da shi wajen gangaren da keke zai hau shi ne kowane tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, wato daɓen da ya kai santimita 60 yana buƙatar gangare mai tsawon fiye da mita 7, da abin riƙewa a gefe, da siminti mai kaushi wanda ba ya santsi da damina. Na nanata wannan ne saboda an sha zuba wani ɗan tudu mai tsini domin fita kunya, wanda ko mai ƙafa biyu sai ya yi hattara da shi. Kuma gangaren ya kasance a babbar ƙofa, kada a kai shi bayan gini kusa da injin wuta. Daga nan sai faɗin ƙofa, da cire wani benci a tsakiyar jama'a domin mai keke ya zauna kusa da iyalinsa maimakon a ajiye shi can baya, da bayan gida mai faɗi mai abin dafawa, domin sujadarmu takan kai awa uku, kuma akwai masu ƙin shan ruwa tun asuba don gudun lalurar da ba su da inda za su biya ta.

Akwai kuma wata matakala da ba a cika tunawa da ita ba, ita ce ta bagade. Muddin mai keke zai iya shiga amma ba zai iya kaiwa inda ake karatu da wa'azi da karɓar Jibin Ubangiji ba, to an ce masa ke nan shi mai sauraro ne har abada. Sarki Dawuda bai wadatu da mayar wa Mefiboshet, gurgun ɗan Yonatan, gonakin kakansa ba, sai da ya zaunar da shi a teburinsa tare da 'ya'yansa. Mu kuwa mun saba ganin gurgu a bakin ƙofa yana jiran sadaka, har ya kai ga wani gurgu mai albashi yakan zo sujada a miƙa masa naira hamsin, ko a tura shi gaba a yi ta addu'ar warkarwa a kansa ba da izininsa ba, in bai miƙe ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Ayuba Gufwan, wanda shan inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya yi karatun lauya, ya kafa wurin ƙera kekunan guragu a Jos, a 2024 kuma aka naɗa shi shugabancin hukumar naƙasassu ta ƙasa. Mutum irin wannan in ya zo majami'a, abin da ya dace a tambaye shi shi ne ko zai yi karatun Littafi, kuma a tabbata akwai hanyar da zai hau ya yi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Katolika, Angilikan da sauransu, da kada su sa albarka ga zanen wani sabon gini sai sun ga gangare da bayan gida a cikinsa, domin sa su tun daga harsashi ya fi rushewa daga baya araha nesa ba kusa ba. Tsofaffin gine-gine kuwa, a keɓe musu baikon Lahadi guda, ko Zumuntar Mata ta ɗauki aikin kamar yadda ta saba ɗaukar waɗanda suka fi shi nauyi. Kuma kafin birkila ya kwaɓa siminti, a gayyato masu keken da ke unguwar, a sa ɗayansu cikin kwamitin gini, shi ya nuna inda gangaren zai bi, shi kuma ya gwada hawansa kafin a biya magini kuɗinsa.