Kafin a kai ga cire haƙori

A wannan mako za mu ajiye siyasa mu leƙa cikin baki. Wani abokina ɗan kasuwa a Maraɗi ya yi watanni haƙori na tsira masa duk lokacin da ya kurɓi ruwan sanyi ko shayi. Da abin ya ishe shi, sai ya tafi wajen likita da magana guda: a cire. Likita ya duba ya ce a'a, haƙorin nan da sauran ransa.

Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, kamar yadda muka tashi muna ji. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukari, su fitar da wani tsami mai narkar da haƙori, har kogo ya yi zurfi ya doshi jijiyar da ke tsakiya. A da, ƙa'idar likitoci ita ce a sa inji a ƙwaƙule duk inda ya ruɓe sai an tarar da tauri. To amma idan kogon ya yi zurfi, sau da yawa garin ƙwaƙulewa ake huda jijiyar. Daga nan kuwa sai dai a kashe ta, aiki mai tsada da yawan zirga-zirga, ko a tumɓuke haƙorin ɗungum.

Yau an sake dabara. Likita yana share gefunan kogon tsaf, amma ya bar ɗan ruɓaɓɓen da ke daf da jijiya, sannan ya liƙe bakin kogon gam. Ƙwayoyin da aka rufe a ciki ba su ƙara samun sukari, sai ɓarnar ta tsaya, haƙori kuma ya shiga gina sabon bango daga ciki. Wasu likitoci sukan yi aikin zango biyu: ciko na wucin gadi, bayan wata 6 zuwa 12 a sake buɗewa a kammala. A 2016 wani taron masana na ƙasashe da dama ya goyi bayan wannan hanya. Ni kaina da na fara ji na ɗauka aikin ganin dama ne. Ashe sirrin yana ga liƙewar, don idan ciko ya yi yoyo, aikin ya tashi a banza.

Abin da ya fi shafarmu shi ne dabarar da likita Jo Frencken ɗan ƙasar Holanda ya soma a Tanzaniya tsakiyar shekarun 1980: kayan aikin hannu kawai, babu inji, babu lantarki, a cike kogo da wani siminti na musamman mai ƙarfafa haƙori. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta gabatar da ita a 1994, kuma a 2021 ta sanya simintin cikin jerin magungunan da suka wajaba. Ga ƙasar da likitocin haƙorinta kaɗan ne, yawancinsu kuma a manyan birane, ina ganin ya kamata hukuma ta dubi koyar da ita ga ma'aikatan asibitocin karkara, ko da yake ta fi inganci a kan ƙaramin kogo.

Sai dai a kula. Idan haƙori ya kai ga zugi da kansa cikin dare, ko dasashi ya kumbura yana ruwa, jijiyar ta riga ta kamu, wannan hanya ba ta da sauran amfani.

Abokina dai ya tsira da haƙorinsa. Likita ya ce ya dawo bayan wata 6 a duba cikon, ya kuma rage sukari a shayi. A kan sharaɗi na biyun ne har yanzu suke ciniki.