Ba Kowane Baƙin Ƙwaro Ne Zanzaro Ba

Yara da yawa, da sun ga baƙin ƙwaro mai fikafikai da ƙari, sai su ce zanzaro ne, su bi shi da takalmi. Wannan gaggawa ce, gama wanda ya murƙushe ƙwaro ba shi da sauran hanyar sanin irinsa.

Zanzaro dai kowa ya san shi. Ƙugunsa siriri ne kamar zare, shi ya sa in yaro ya cusa riga cikin wando a kan ce ya yi zanzaro. Ya kan gina ɗakin laka a jikin bango, ya tara ƙananan gizo-gizo da yawa a ciki.

Amma yana da wata 'yar'uwa wadda ba a cika ganinta ba, watau mafarauciyar gizo. Ita ƙugunta gajere ne, ƙafafunta dogaye. Ta fi son gudu a ƙasa tana karkaɗa fikafikai. In ta sami gizo-gizo sai ta harbe shi ya sandare, bai mutu ba, ba ya kuwa iya motsi. Sa'an nan ta ja shi har rami, ko da ya fi ta girma, ta saka ƙwai ɗaya tak a jikinsa, ta rufe. Tsutsar da za ta fito daga ƙwan, shi za ta ci har ta girma.

Masana sun ƙidaya irinta wajen 5,000 a duniya, suka haɗa su cikin dangi guda mai suna Pompilidae. A shekarar 1758 wani masani na ƙasar Suwidin, Liniyas, ya tsara dabbobi, kowace da suna biyu, na zuriya da na kanta. Har yau haka a ke yi. Amma ba a raɗa sunan da ka. Waɗansunsu sun yi kama ƙwarai, sai an duba jijiyoyin fiffike da madubi mai ƙara girma kafin a bambanta su. Waɗansu ma su kan gina ɗakin laka kamar zanzaro, saboda haka gida kaɗai bai isa shaida ba.

Ɗan makarantar da ya gamu da ita, ya kamata ya ɗan ja baya, don harbinta da zafi. Ya duba launin fikafikanta, da tsawonta, da abin da ta ke ja. Ya rubuta ranar da wurin, ya zana siffarta a littafi, ya kai wa malaminsa.